Rediyon Bayan La'asar

A shekarun da ƙasarmu ta hau tafarkin juyin juya hali, kowa a Kwatano ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har da mai dukan matarsa.

Ni a lokacin ɗalibin jami'a ne, ina zaune a wani gidan haya a Zongo, bango ɗaya ya raba ɗakina da na yayata. Aurenta na farko mutuwa ce ta kashe shi. Na biyun kuwa dangi sun yi murna da shi, domin mijin Alhaji ne mai fataucin shanu daga arewa, wanda sahun farko a masallaci bai taɓa wuce shi ba. Bayan la'asar yake dawowa daga kasuwa da sandar kora a hannu, kuma ba kullum yake tuna cewa ya baro shanun a can ba.

Gidanmu yana da tsari. Da zarar an ji ƙarar farko daga ɗakin yayata, sai telan bakin ƙofa ya murɗa rediyonsa, mai tuwo ta murɗa nata, ni ma in murɗa nawa, wanda ya fi na kowa murya. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba. Kawaici muke kiransa: ba a sauraren sirrin ma'aurata. Ba na jin akwai gidan da ya saurari jawaban 'yantar da talaka da himma irin tamu. Da safe kuma in tafi fakilte, tsangayarmu a jami'a, in yi bayani a kan 'yancin mata, a tafa mini.

Sau uku ta yi yaji zuwa gidan kawunmu a Zogbo, sau uku aka yi biko da goro aka mayar da ita. Kawu ya ce macen da ta fito daga aure biyu ba mai tambayar yadda na farkon ya ƙare, za a ce ba ta iya zama ba ne. A karo na huɗu ba ta nufi Zogbo ba. Ta je wurin limamin unguwa da hannu a ɗaure, ta nemi a raba auren saboda cutarwa. Liman ya ce sai da shaidu biyu, in babu ta koma ɗakinta.

Aka tara mu a zaurensa. Tela ya ce kekensa yana da ƙara. Mai tuwo ta ce ita labarai take ji. Alhaji ya gyara zama, ya nuna ni.

"Ga kamarad ɗalibi nan, mai ilimi, bango ɗaya muke. Ya faɗa."

Na faɗa kuwa. Na yi magana a kan matsayin mace a tsarin jari-hujja da ragowar mulkin gargajiya. Har yau ina ganin jawabin ya tsaru.

"Yaro," in ji Liman, "ba tarihin duniya na tambaye ka ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Allah gafarta Malam, rediyo nake kunnawa."

Sai yayata ta yi magana daga bayan labule, muryarta ko rawa ba ta yi. "Malam, a tambayi ƙanena yaushe yake ƙara wa rediyon murya. Da safe ba a jinsa, da azahar ba a jinsa. Ranar da Alhaji ya yi tafiya ma juyin juya halin hutu yake yi."

Liman ya juyo gare ni. "Haka ne?"

"Haka ne."

"Me kake ji kafin ka murɗa?"

Na dubi Alhaji, mutumin da yake aiko mana da nama kowace Juma'a, nake ci. Na ce ina jin sanda, ina jin ta tana kiran sunana. Wannan na biyun ba a tambaye ni ba, kuma ban san yadda ya fito ba. Sai tela ya ce shi ma kafin ya murɗa yana jin wani abu. Shaidu biyu suka cika. Liman ya raba auren a wannan zama, Alhaji ya fita yana cewa karatun zamani ya lalata yara, yabon da ban cancanta ba.

Yanzu shekaruna hamsin. Na sha ba da wannan labari a matsayin ranar da na tsaya wa yayata, ina tsallake shekara biyun da na yi da yatsa a kan rediyo, ina kuma tsallake cewa ita ta ja shaidar daga bakina kamar mai cire haƙori. Da ba ta yi magana ba, da na koma gida da jawabina, ita kuma ta koma ɗakin nan. Na juya abin ta kowace fuska, ban sami wata amsa ba.

Tana Godomey yanzu, tana sayar da atamfa, ba ta sake aure ba. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai duk ranar da na kai mata ziyara, na sha ruwa, na fara bayani a kan halin da ƙasa ke ciki, takan ce, "Ci gaba, kamarad, ina jinka," ta miƙa hannun nan na hagu da bai gama miƙewa ba, ta ƙara wa rediyo murya.