Faifan da Aka Ce In Fassara

Ban taɓa mantawa da ranar da aka dire mini wannan faifan a kan tebur ba. A farkon shekarun tamanin ne, cikin watan Shawwal, lokacin ina tafinta a sashen ƙunshin kaya na wani ofishin aika saƙo a Madina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya ba ku tarar da tsarin ba, don haka bari in fara da shi.

Duk ƙunshin da ya zo daga waje, in akwai littafi ko kaset ko faifai a ciki wanda ba na Larabci ba, teburina ake kawo shi. Ni zan karanta ko in saurara, in rubuta taƙaitaccen bayani da Larabci. Daga nan mudir, wato shugaban sashe, zai yanke ɗaya cikin uku: a ba mai shi, a mayar inda ya fito, ko a lalata. Mayarwa da lalatawa kuwa sai mai kayan ya sa hannu. Mudir ɗinmu a lokacin Ustaz Abdulmuhsin ne, mutumin kirki, amma in ya kafe a kan abu sai dai ka yi haƙuri.

Faifan daga Amurka ya zo, da sunan wani ɗalibin jami'a, Yusuf. A jikin kwalin akwai hoton wani dattijo baƙar fata mai furfura, ya rungume sakisofon, ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa. A bayansa mutum uku: mai fiyano, mai ganguna, da mai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗa shi da yatsa. An rubuta cewa kiɗan jaz ne na su huɗun, dattijon ne shugaba, kuma tun yana saurayi yake busa.

Matsala ta farko, ba mu da garmaho a ofis. Sai da na je unguwar Ƙuba wajen Baba Adamu, wani Bahaushen Sudan mai gyaran rediyo, na aro nasa. Ya ce, "Ka kula mini da allurar nan, ya zol, mutumina, babu irinta a kasuwa yanzu." Na rungumo akwatin a bas cikin zafin rana, mutane sai kallona suke.

Na rufe ƙofa na saurara. Mai ƙaho zai ɗauko wani sauti mai daɗi, kafin kunnenka ya riƙe shi ya sake shi ya shiga daji. In ya gaji mai fiyano ya karɓa, shi ma ya yi nasa yawon. Mai ganga kuwa kamar yana shara. Gefe biyu na ji, babu wanda ya buɗe baki. Na rubuta: kiɗa ne zalla, babu magana.

Ustaz ya duba takardar ya dube ni. "Ya Abubakar, ina tarjamar?"

Na ce, "Ustaz, ba su ce komai ba."

"Maza huɗu su taru a ɗaki, a kashe musu wuta da kaya, a buga hotonsu, a aiko daga Amurka, kuma ba su ce komai ba? Koma ka saurara da kyau."

Na koma. Na sake ji har kaina ya yi ciwo, na sake rubuta abin da na rubuta. Ya ƙara maido mini. Ga lokacin Hajji na ƙaratowa, ana so a share kantoci kafin kayan alhazai su fara zuwa, ga Baba Adamu yana aiko mini saƙo kullum cewa yana son garmahonsa.

Sai na ce to a kira mai kayan, ko ya raba mu da shi. Yusuf ya zo, dogon saurayi mai natsuwa, da littattafai a hammata. Da ya ga kwalin sai ya kawar da kai. Ya ce da Turanci, "Mai ƙahon nan mahaifina ne. Ni na bar wannan rayuwar, ba zan karɓa ba."

Na ji daɗi, na ce to ya sa hannu a mayar.

"Ba zan mayar wa mahaifina kyautarsa ba. Cin fuska ne."

"To a lalata."

"Aikin tsufansa ne. Ba da hannuna ba."

Na ajiye alƙalami na ce, "Malam Yusuf, hanya uku ce kawai a ofishin nan, kuma ka toshe dukkansu. A kaina kake so in ɗora shi?" Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya yi sallama ya tafi. Wallahi da ya yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi.

Da na kai wa Ustaz rahoto, ya ce gobe shi da kansa zai saurara, kuma a dawo da yaron. Muka haɗu mu uku. Yusuf ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mu baya. Ustaz ya daure har ƙarshen gefe na biyu, yana ta murza carbi da sauri. Kiɗa ya ƙare, na miƙa hannu zan ɗage allura kamar yadda na saba, sai wayar tebur ta yi ƙara, Ustaz ya ɗaga mini hannu in dakata. Faifan ya ci gaba da juyawa shiru. Can sai muka ji wani tsoho ya yi tari, ya yi 'yar dariya, ya faɗi wata gajeruwar magana.

Ustaz ya kife wayar. "Ka ji ko? Na gaya maka akwai magana. Fassara."

Na mayar da allura na saurara. Na ce, "Cewa ya yi, 'Ya isa haka, numfashina ya ƙare.'"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Ustaz."

Kafin ya ce wani abu, Yusuf ya matso. Ya ce tun da ya baro gida bai ji muryar mahaifinsa ba, kuma a da ba ya irin wannan tarin. Ya roƙe ni in sake sa masa, amma maganar kawai, ban da kiɗan.

Nan wahalar ta kai ƙarshe. Wurin maganar a jikin faifan bai fi kaurin zare ba. In na sauke allura ciki kaɗan, ta wuce. In na sauke baya kaɗan, ƙaho ya fasa ɗakin, Yusuf ya toshe kunne, Ustaz ya ce a'uzubillahi. Ina ta tuna gargaɗin Baba Adamu. Duk sanda na dace, sai yaron ya ce, "Sau ɗaya kuma." Ban san adadin da na yi ba. A na ƙarshe dai bai toshe kunne ba da ƙahon ya shigo, ya tsaya ya ji yadda tsohon ya ja sautin ƙarshe har ya tsinke.

Ustaz ya jawo takardata ya rubuta a ƙasa da hannunsa: saƙo ne daga uba zuwa ɗansa, a ba shi. Yusuf ya naɗe faifan a cikin rawaninsa, ya tambaye ni inda ake buga waya zuwa ƙasar waje. Na kwatanta masa. Ban sake ganinsa ba, kuma ban san abin da suka ce wa juna ba.

Allurar kuwa ta lanƙwashe. Baba Adamu ya yi wata guda ba ya amsa mini gaisuwa da kyau.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma nake gaya wa duk wanda aka ba teburin nan: in mutum ya ƙi karɓar kayansa kuma ya ƙi a taɓa su, kada ka yi ta tura masa takarda, akwai abin da bai gama da shi ba. Sannan kada ka ɗage allura sai faifai ya tsaya da kansa. Har yau dai ba na son jaz.