Awon Geron Gwaggo Rekiya

Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Da hantsin Laraba, biyar ga watan Nuwamba, ina cikin aji a Kaura Namoda aka kira ni a waya aka ce Gwaggo Rekiya ta Kasuwar Daji ta rasu, bayan zazzaɓin kwana biyu. Yayar mahaifina ce, shekarunta sittin da huɗu. Kafin azahar mun kai ta makwancinta. Saura mako biyar ta hau jirgi ta wakilci ƙasar nan a gasar waƙoƙin gargajiya ta ƙasashen Afirka.

Gwaggo, na zauna in rubuta ta'aziyyarki da niyyar kuka, amma duk inda na taɓo labarinki sai dariya ta riga hawaye fitowa. Ki yi mini afuwa, ke kika saba mana da haka.

A unguwarku babu gidan da aka yi suna ko biki ba ki shiga da taɓaryarki a kafaɗa ba. Mai jego, mara lafiya, tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare, ba ki jiran su roƙa. Ki ɗauki geronsu ki surfe, ki bar su da dariya da gori. Ko da injin surfe ya shigo gari kin ce shi ba ya gaisawa da kowa, kika ci gaba da abinki. Ke da ƙanwarki Zulai da aminiyarki Ladidi, in kuka kewaye turmi ɗaya kuna lugude, kuna wurga taɓare sama kuna tafi kuna cafewa, sai waƙar nan taki ta fito, wadda kike yi wa mazan da ke leƙo kai suna tambaya ko fura ta yi, alhali ba su san nauyin taɓarya ba. Ina cikin waɗanda waƙar ta shafa, na sani.

Ni na ja miki wannan tafiya. Na ji sanarwa a rediyo cewa ana neman waƙar da ƙasa za ta aika gasar, na tura hoton bidiyon lugudenku da na ɗauka a wani suna, ban shawarce ki ba. Ranar da takarda ta zo cewa kuna cikin ƙungiyoyi goma sha biyu da za a tantance a Abuja, na zo ina washe baki. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Muttaka, wa ya aike ka? Ni ba mawaƙiya ba ta, daka nika yi." Sai da Inna Zulai ta ce ita dai tana son ganin Abuja kafin ta mutu, sannan kika yarda.

Ba zan manta da ranar tantancewar ba. Sauran masu gasa sun zo da ganguna da sarewa da kayan kiɗan zamani. Ku kuma aka gungura muku wani turmi mai fenti, irin na ajiyewa a falo. Kika leƙa ciki, kika juya wajen mai gabatarwa kika ce, "Wanga turmi ba komi ciki. Mu ba mu dakan wohi." Aka lallashe ki cewa kwaikwayo kawai ake so. Kika zauna a bakin dandamali kika miƙe ƙafa. Haka aka tura direba kasuwa ya auno gero, ya dawo kika ɗiba kika shinshina, kika ce na bara ne amma za a yi haƙuri da shi.

Kowace ƙungiya minti biyar aka ba ta. Kuka yayyafa ruwa kuka fara, zauren ya yi tsit, har alƙalai suka ajiye alƙalumansu. Minti biyar ya cika aka kaɗa ƙararrawa, ko gezau ba ku yi ba. Aka sake kaɗawa. Ina daga ƙasa ina ɗaga miki hannu kamar mai tsayar da babur, ba ki ko kalle ni ba. Sai a minti na tara kika sa hannu a turmi, kika murza geron, sannan kika rufe waƙa. Da babban alƙalin ya tambaye ki ko ba ki ji ƙararrawa ba, kika ce, "Na jiya, ɗana. Gero bai hita ba. In na aje taɓarya ga rabi, wa ka cin shi?"

A ranar na fahimci abin da na yi shekara arba'in ina gani ban lura ba. Waƙarki ba ta da tsawon kanta. Tana farawa da bugun farko, tana ƙarewa lokacin da dusa ta rabu da tsaba.

Ku aka zaɓa, amma da sharaɗi. A can waje wanda ya wuce minti biyar an cire shi, kuma in ba ku nuna za ku iya ba, ƙungiyar da ta zo ta biyu za a tura. Kwamiti ya ba da shawarar a yanke baiti uku. Kika ce ba a yanke komai, geron za a rage. Mako uku kina wannan gwaji da sabon geron gonarki, ni ina riƙe da agogo. Tiya ɗaya ta yi yawa. Rabin tiya ya sa taɓare na dukan gindin turmi, sautin ya lalace. Kullum unguwa na shan fura kyauta, har maƙwabta suka fara addu'ar kada ki yi saurin dacewa. A ƙarshe kika samu awonki: rabin tiya da cikin tafin hannunki biyu. Minti huɗu da daƙiƙa hamsin. Muka tura bidiyo, aka amince. Kika ƙulla awon a tsumma har ƙulli huɗu, kika rataye a ɗakinki, domin kin ce ba ki yarda da geron ƙasar da ba ki san ruwanta ba.

Bayan rasuwarki da kwana huɗu kwamiti ya kira ya yi mana gaisuwa, sannan a hankali ya tambaya ko tafiyar na nan. 'Yarki Mubaraka ta iya waƙar tun tana goye a bayanki, amma hannunta ba naki ba ne, kuma awon da ƙarfin hannunki aka yi shi. Na ce su ba mu kwana uku.

Ranar bakwai za a yi gumbar sadaka. Inna Zulai ta shiga ɗakinki ta kwanto ƙulli ɗaya, ta ce da geronki za a fara. Mubaraka ta ɗauki taɓaryarki, Inna Ladidi ta matsa mata wuri. Gidan makoki ne, babu waƙa, babu tafi. Amma taɓaren nan uku suka hau kan bugun waƙarki baiti bayan baiti, har matan da ke zaune a tsakar gida suka sunkuyar da kai suna murmushi suna share ido. Ni kuma sabo ya sa na duba agogo. Da Mubaraka ta sa hannu ta murza geron ta ɗago kai, minti huɗu ne da daƙiƙa hamsin da biyar. A nan ne kukan da na yi ta riƙewa ya ƙwace mini. Da yamma na kira kwamiti na ce tafiya na nan.

Saura ƙulli uku, Gwaggo. Ɗaya na gwaji, ɗaya na ranar gasa, ɗaya kuma kin ce a dama wa masu masauki fura da shi, don ba a zuwa gidan mutane hannu wofi. Za a yi yadda kika ce.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Duk cikin da kika ciyar da duk gidan da kika sauƙaƙa wa aiki, Allah Ya sa ki tarar da su a mizaninki, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zulai da Inna Ladidi, da Mubaraka da 'yan'uwanta, da dukan mutanen Kasuwar Daji. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.

Ɗanki,
Muttaka