Misis Hill da Tambaya ta Biyar

Duk wanda ya yi babbar sakandare a garinmu cikin shekara talatin ɗin nan ya san Misis Hill, ko da Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Baturiya ce wai a London take, amma tana shanya barkono a igiyar wanki, tana cinikin tafarnuwa har mai kaya ya fara rantsuwa, kuma ta taɓa jifan mijinta da silifa don ya bar shinkafa ta ƙone. Ba wanda ya taɓa zuwa London a cikinmu, amma mun gane matar sarai.

Malam Teng Baoshan ne ya ƙirƙiro ta. Ɗan manomin shinkafa ne daga ƙauyen bayan kogi, siriri, mai kunya, ya koyi Turancinsa a rediyo da wani ƙamus da ɓera ya cinye wa bango. Aikinsa shirya yara wa jarrabawar watan Yuni ta shiga jami'a, musamman sashen karatu da fahimta: labari ɗaya, tambaya biyar, kowace da zaɓi huɗu. Matsalar ita ce yaran ba sa karanta labarin. In amsa uku gajeru ne ɗaya doguwa, sai su ɗauki doguwar. In kai ya ɗaure, sai su zaɓi C su kifa kai a tebur. Ni ban ga laifinsu ba, littattafan da ake kawowa daga birni ba abin da ke ciki sai rayuwar ƙudan zuma.

Ranar da silifar matarsa ta same shi a ƙeya, Malam ya zauna ya rubuta abin da ya faru da Turanci, ya sauya sunaye. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai buɗe ƙamus. Yaran da ba su taɓa kai ƙarshen sakin layi ba suka karanta sau uku, don su tabbatar ƙafar dama ce ko ta hagu. Daga nan kowace Juma'a sai sabon labarin Misis Hill, sakamakon makarantar kuwa ya yi ta hawa.

Tambaya ta biyar ba ta taɓa canzawa ba: yaya marubucin yake ji game da Misis Hill? A tsoro, B haushi, C ko oho, D ƙauna. Kowane sabon aji A yake zaɓa, Malam ya bi su da jan biro.

"Haba Malam, ta jefe shi da silifa fa!"

"Ɗaga murya, na bayan aji ba su ji ba," in ji shi, don ba ya amsa kowace magana sai ya faɗi haka. "To, koma ka karanta. Wa ya ɗauko mata silifar ya kai mata?"

Ga inda tashin hankalin yake. Matarsa, Kang Shufen, ita ce mai gurza takardun makarantar. Da hannunta take saka labarin a inji, wani lokaci ma a kife, don ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Mace ce mai tsare mutuncinta, wadda ko rigar zuwa kasuwa sai ta goge. Malam ya san ranar da ta gane 'ya'yan garin nan kaf da ita suka koyi dariya da Turanci, gidansa ba zai ƙara zaunuwa ba. Kowace Juma'a sai ya tsaya bakin ɗakin injin yana leƙen fuskarta. Fiye da sau goma ya yi niyyar kashe Misis Hill da mura, sai ya tuna ƙudan zuma ya fasa.

Shekarar da ya yi ritaya, liyafar gode wa malamai da ake yi bayan jarrabawa ta zama tasa shi kaɗai. Tebur ashirin a gidan abincin bakin gada, da rana tsaka, tsofaffin ɗalibai har daga Beijing. Ana cikin cin kan kifi da barkono, Fei Yunzhu ta miƙe. Tun tana aji bakinta ba ya rufuwa, yanzu kuma tafinta ce a Shenzhen, har biyanta ake yi ta yi magana. Ta ɗaga wani littafi mai jan bango.

"Mun tattara labaran Misis Hill duka, na fassara su da yarenmu. Kyauta ce ga Mama."

Saura ƙiris ƙayar kifi ta tafi da Malam. Ya miƙa hannu. "Kawo nan, kawo, Mamanku idonta ba ya ganin ƙananan rubutu."

"Tsoho Teng, zauna," in ji matarsa.

Ya zauna. Ta sa tabarau, ta buɗe shafin farko, ta bi da yatsa a hankali. Mutum ɗari biyu suka ajiye tsinken cin abinci. Malam ya ji kunya da tausayinta sun rufe shi, har ya fi son a sake jifansa da silifar.

"Nan akwai gyara," ta ce. "Ba shinkafa kaɗai ya ƙona ba, har da tukunyar."

Ya dube ta baki buɗe. "Ke... tun yaushe?"

"Tun sati na uku. Wata ta tare ni a kasuwa ta ce, Baturiya, nawa kika sayi tafarnuwa yau? Daga nan kowace Juma'a ƙwai biyu nake dafawa, in bai wa wata ɗaliba ta karanta mini."

"Shekara uku ina cin ƙwan nan, Malam," in ji Fei, ko kunya babu.

Matar Malam ta ci gaba, "Miyar da na cika wa gishiri ana saura wata ɗaya jarrabawa, ka ɗauka kuskure ne? Gani na yi sati biyu ba ka da abin rubutawa, yara sun fara gyangyaɗi."

Wurin ya kaure da dariya, har da masu buga tebur. Malam kaɗai bai yi ba. Ya ce a hankali, "To me ya hana ki yi mini magana?"

Ta cire tabarau ta ninke. "Wa yake gurza takardar amsoshi? Turanci ban iya ba, amma na san D in na gan ta, kuma an gaya mini abin da ke gabanta. Shekara talatin kana gaya wa 'ya'yan mutane, har da jan biro. Ni da nake gidan ban taɓa ji daga bakinka ba."

Kunnuwan Malam suka yi ja kamar barkonon da ke faranti. Ya tsinko naman kumatun kifin, wanda ya fi ko'ina daɗi, ya ajiye mata a kan shinkafa, ya sunkuya ya faɗi wani abu da ko na kusa da shi bai kama ba.

Ta ɗauki naman ta cinye, ta goge baki.

"Ɗaga murya," ta ce, "na bayan aji ba su ji ba."

Malam Teng ya dafa tebur ya miƙe tsaye.