Jifan da Na Kasa Yi wa Ɗan Farina

Ɗan farina ne, shi ya sa ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na taso na gani a gidanmu: uwa ba ta wasa da ɗan fari, ba ta zuba masa ido, in za ta yi masa magana sai ta kalli gefe. Da wannan kunyar na zo Kuala Lumpur lokacin da mahaifinsa ya samu karatu, kuma ba ta taɓa damuna ba sai da korona ta zo.

A makarantarsu ya shiga wasan besbol. Aikinsa shi ne ya tsuguna a bayan mai dukan ƙwallo da kulki, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, hannunsa na hagu cikin ƙatuwar safar fata, ya cafe duk abin da mai jifa ya turo. Ƙwallon bai wuce girman lemo ba, amma tauri kamar dutse. Ya ce sana'ar da zai yi ke nan in ya girma. Ni dai na ce Allah ya tsare.

Da aka saka dokar kulle, kocinsu ya aiko da saƙo. Su biyu ke neman gurbin mai cafa, kuma tunda babu fili, kowa ya turo bidiyon atisayensa, da shi za a zaɓi wanda zai riƙe gurbin in an buɗe. Ɗayan yaron yana da tsakar gida, yana da yayan da ya iya jifa. Mu muna hawan sama a wani bene kusa da unguwar Chow Kit, sai doguwar baranda da muke rabawa da maƙwabta.

"Umma, ke za ki jefa mini," ya ce, ina tsinke alayyafo.

"Je ka gaya wa Abbanku."

"Abba ya ce ke. Yana rubutu, wai kafaɗarsa ma ciwo take. Boleh, Umma, boleh." Wato zan iya, da yaren mutanen ƙasar.

Na leƙa ɗaki na ce wa mahaifinsa, "Malam, yanzu ni zan tsaya ina jifan yaron nan?" Bai ɗago daga kwamfuta ba ya ce, "Ai ba a Kano muke ba, wa zai gan ki?" Kamar don masu gani nake yi.

Muka fita baranda. Ya jingina waya a kan bokiti, ya je can ƙarshe ya tsuguna. Ya yi mini bayani: zai nuna yatsu tsakanin gwiwoyinsa, ɗaya na nufin in jefa kai tsaye da ƙarfi, biyu in buga ƙasa a gabansa ya tare da ƙirji. Wato dole sai na kalle shi. Sai na riƙa kallon bangon da ke saman kansa, ina jefa abin da na ga dama.

"Umma, biyu na nuna!"

"To."

"Kuma ba ƙwai ba ne fa. Ki jefa!"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na iya jifa. Ina yarinya a garinmu, da dutse ɗaya nake kakkaɓo mangwaro, har maza na roƙona in jefa musu. Amma da na ɗaga hannu sai tunani ya cika mini kai. In ragar nan ta goce fa? In yatsa ya karye, wane asibiti za mu je ana ta kwasar masu korona, ga 'yan sanda sun tare hanya? In ƙwallon ya fasa tukunyar furen tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, da wane yare zan ba ta haƙuri? Kafin in gama lissafin nan hannuna ya mutu, ƙwallon ya tafi a hankali kamar ina miƙa masa goro. In kuma ya gangara ƙofar wani, sai na tsayar da komai na goge shi da ruwan sabulu, shi yana tsugune yana huci.

Na gwada gyara kaina. In yana darasi ta waya, sai in jingina katifa a bangon ɗaki in yi ta jifa. Tim! Tim! Har mahaifinsa ya ce zan rushe musu gini. Washegari in fito da ƙarfin gwiwa, yaron ya tsuguna, ya buɗe safar, idanunsa na kallona ta cikin raga, sai hannun ya sake mutuwa.

"Ki ɗauka ba ni ba ne," ya ce wata rana. "Ki ɗauka ɓarawo ne."

"Rufe mini baki, marar kunya."

Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Haka muka tura bidiyon, don lokacin da koci ya bayar ya ƙare. Amsa ta zo cewa tsugunonsa ya yi kyau, amma ƙwallon ba shi da gudun da za a gane ko zai iya. An ba ɗayan yaron gurbin. Shi zai zama na biyu, mai cafe wa masu jifa a gefen fili in suna ɗumama hannu. A ranar, tuwo na yi, ya ci loma kaɗan ya tashi. Na so in ce masa wani abu, ban san ta inda ake farawa ba. Mahaifinsa ya ce, "Wasa ne fa." Na kwashe kwanuka na bar masa falon.

Da aka buɗe filaye, na saka takunkumi na hau jirgin ƙasa na je kallo, karo na farko. Na hango shi a wajen layi, a tsugune. Wani dogon yaro yana jifansa da ƙarfin da ko katifata ba ta taɓa sha ba, ƙarar safar har inda nake zaune. Ko ɗaya bai faɗi ba. Yana cafewa yana mayarwa, har da hira. Ashe zai iya, tun a baranda zai iya. Da aka kira 'yan wasa, ɗayan yaron ya shiga fili, nawa ya koma benci ya cire ragar ya ajiye a cinya. Ban jira an fara ba, na tashi na wuce kasuwa sayen kifi.