Takardar Wata Uku da Gonar Haliru

Shekara huɗu Haliru, mutumin Malisa, yana gadin wani gini a Kalgo, amma bai taɓa sakin jiki ya ce aikin nasa ne ba. Ba masu ginin suka ɗauke shi ba. Wani kamfani ne ke ba da hayar ma'aikata, kamar jakuna ranar kasuwa. Duk wata uku a sake takardar aiki, a manna sunaye a ƙofa. In babu naka, ka ajiye hula da tocila ka kama gabanka.

Mutumin da dariyarsa ke cika majalisa ya koma shiru-shiru. Waya na ƙara, gabansa ya faɗi. Matarsa Kubura ta sha tsawa ba laifin fari ba na baƙi. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya rage tunani. Ya rage tunani! Sai ka ce riga ce da zai tuɓe ya rataye.

Bana ruwan shuka ya sauka ranar Alhamis, takardarsa kuma Litinin za ta ƙare. Hutu babu, wanda ya yi fashin kwana biyu an ba wani gurbinsa. Ya sami Abdulhakeem, wakilin kamfanin.

"Yallaɓai, in zamna ko in tahi in shibka gonata?"

"Haba Malam Haliru, kai da anka sani? Kwantar da hankalinka."

A kan wannan maganar ya kira Isa, ɗan ƙanen mahaifinsa, ya ba shi aron gonar don kada ta zauna haka. Asabar Isa ya shuka gero.

Litinin Haliru ya bi sunayen daga sama zuwa ƙasa, ya sake hawa. Babu nasa. Wayar Abdulhakeem a kashe. Ya ajiye hula da tocila, ya koma gida.

A Malisa kuwa, gonar aro in iri ya shiga ƙasa ta zama ta mai shuka sai an girbe.

"Ka roƙi Isa mana," in ji Kubura.

"Da wane baki? Ni nib ba shi."

Da ciyawa ta taso, Isa ya nemi 'yan ƙwadago. Ya hango Haliru cikinsu da hauya a kafaɗa, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, aikin fa na kwana ukku na."

"Na saba," in ji Haliru. Ya duƙa ya kama kunyar farko a gonar ubansa.