Jan Zanen da Barau Bai Karɓa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta na 2025, ina kasuwar Mafara ina tayin albasa, aka zo mini da labarin cewa Allah Ya yi wa taubashina, Malam Barau masunci na Faru, rasuwa bayan kwana shida yana jinya. Na ajiye albasar ban saya ba.

Barau, ɗan kawuna, shekara saba'in muna tsokanar juna, yau ka tafi ka bar ni da baki cike da magana. Ni ce mai ce maka mijin tarwaɗa, kai kuma ka ce da ni Adda mai cinye gulbi. Ban daina ba don ka mutu, sai dai yau zan haɗa da gaskiya.

Ban taɓa ganin wanda ya san kifi kamarka ba. Ka kan dubi kumfar da ta taso a gulbi ka ce ƙurungu ne a ƙasa. Da rani ka kan taka busasshen laka ka ce gaiwa na kwance a nan, a haƙa a same ta. Matan da ke banda daga Bakura har Maradun sun san in ka ce kifi na jiya ne, to na jiya ne, ko mai shi ya rantse.

Amma abin da ka fi ji da shi balli ne, kifin nan da ke tattake ciyawa da damina ya yi sheƙa kamar faifai, ya zuba ƙwai, ya tsaya gadi. Duk shekara ka kan shiga fadamar da ke ƙasan madatsar ruwan Bakolori, ka kafa sanda kusa da kowace sheƙa, ka ɗaura mata jan ƙyalle. Inda aka ga ja, ba mai jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, har 'ya'yan su watse.

Jan ƙyallen nan kuwa daga zannuwana yake fitowa, kuma ni na jawo wa kaina. Wata damina na sayi balli mai ƙwai, na yi miya, na ba ka ka ci, ka suɗe kwano, sannan na gaya maka. Sai da ka yi mako biyu ba ka gaishe ni ba. Da ka huce ka ce, "Adda, kin ci kifi dubu a tukunya guda. Tararki jan zane duk shekara." Shekara talatin da ɗaya ina biya. Har sabo na taɓa saya na ce maka tsoho ne, don kada ka ji nauyi.

Bana na wanke zanen na ninke, ba ka zo ba. Bayan jana'iza abin da ya tsaya mini a rai ke nan: ga balli na kan ƙwai, ga masu birgi da yawa, ga mai kafa sanda a kabari. Ɗanka Jibrin kuwa, mai iyali, ya bar kamun kifi tun tuni ya kama acaɓa a Mafara. Kai da kanka ka sha ce mini bai san bambancin ƙarfasa da kwaɗo ba.

To, ka yi kuskure, kuma na so kana nan in yi maka dariya. Washegarin sadakar bakwai sai ga Jibrin a ƙofata, wando jiƙe har cinya. Bayan mun gaisa ya ce, "Gwaggo, ina tarar bana?"

Na ce, "Kai mi ka sani a sheƙar balli?"

Ya ce, "Goma sha ɗaya na ƙirga tun safe. Duk abin da Baba ke faɗi ina ji, amsawa ce ba ni yi."

Na ɗauko zanen, ni na yayyaga shi da hannuna. Jiya Taibatu ɗiyarka ta aiko cewa sanduna na tsaye, ba wanda ya jefa birgi.

Allah Ya jiƙanka, Barau, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hafiza, da Jibrin, da Taibatu, da dukan masuntan Faru. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshe. Zanen baɗi kuma na riga na saya.

Taubashiyarka,
Adda, Bakura