Zinarin da Ruwa Ya Ƙi Wankewa

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka fara kwashe akwatin wankin ƙasa a kamfanin zinarin nan ba. Ku da kuka shigo aikin ma'adinai jiya-jiya, ku buɗe kunne.

Wajen 1978 ne. Kasuwar kuza ta fara mutuwa a Jos, Turawa suna tattara komatsansu, kowa yana neman inda zai dafa. Sai wasu tsofaffin ma'aikatan kuza suka haɗa kai suka kafa kamfani, suka sami lasin haƙar zinari a wani daji can ƙasar Birnin Gwari. Ni aka ɗauka helma, wato shugaban leburori. A samana akwai injiniya, Oga Okafor, Ibo ne haifaffen Jos, shi ma a kuza ya yi furfura. An kai dutsen wurin ɗakin gwaji, gwaji ya ce akwai zinari, kuma ba ƙarya ya yi ba. Da wannan aka shiga gari ana sayar da hannun jari.

Cikin waɗanda suka saya har da maƙwabcina a Nasarawa Gwom, Alhaji Garba. Mai rumfar katako ne a kasuwar Katako, mutum mai tsantseni, wanda ko katako guda ba ya saye sai ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa. Amma da ya ji an ce zinari, ya sayar da rumfar da motar ɗaukar kayansa, ya zuba duka. Abin da yake ci da iyalinsa ke nan, ba shi da wani.

To ga inda muka yi wauta, dukanmu. Mu mutanen Jos wankin kuza muka sani. Kuza tana da nauyi: ka zuba ƙasa a dogon akwatin katako, ka sakar mata ruwa, yashi ya tafi, kuza ta kwanta. Muka ce ai zinari ya fi kuza nauyi, sai ma ya fi saurin kwanciya. Aka sayi tsofaffin kayan wankin kuza da araha, aka ƙara injin niƙa dutse, aka riƙa kwaso dutsen a tifa tun daga can har filinmu na bayan garin Jos, inda muke da ruwa. Babu wanda ya tsaya ya tambaya yadda zinarin yake zaune a cikin dutsen. Wa zai koya wa ɗan Jos wanki?

Ranar kwasa, Alhaji Garba ya zo da safe cikin babbar riga, har da 'yar kwalbar turare da ya wanke, wai zai ɗebi kaɗan ya nuna wa abokansa a Katako. Na sa aka kashe ruwa, aka ɗaga buhunan da ke shimfiɗe a ƙasan akwati, na juye a ƙwarya na fara tacewa. Can sai ga abu ya kwanta, rawaya-rawaya, yana ƙyalli. Alhaji ya yi kabbara, leburori suka ɗauki ihu. Ni kuwa ban yi murna ba, don ƙyallin ya yi yawa.

Oga Okafor ya tsinci ƙwaya guda, ya ɗora a kan ƙarfe, ya buga mata guduma. Zinari in ka buge shi bajewa yake yi. Wannan rugurgujewa ya yi, ya zama baƙin gari.

Alhaji ya ce, "Oga, mene ne wannan?"

Ya ce, "Alhaji, wannan dutsen farar wuta ne. Zinari yana ciki, amma ya fi garin tuwo laushi. Dutse ya riƙe shi, ruwa ba ya iya cire shi."

"To a ƙara ruwa mana!"

"Ko Kogin Kwara ka kawo, Alhaji."

Alhaji ya mayar da kwalbarsa aljihu a hankali, ya nemi wuri a kan taya ya zauna da babbar rigarsa.

Ba mu haƙura nan take ba. Oga ya ce irin wannan dutse sai an gasa shi, farar wutar ta ƙone, sannan a jiƙa shi da magani. Tanderun da ake yi da shi sai daga Turai, kamfani kuma ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa a tifa da injin niƙa. Muka yanka durom-durom muka gasa da itace. Kai, hayaƙin nan! Leburori suna tari kamar ƙirjinsu zai tsage, masu gonar kayan lambu na kusa suka zo da sanduna. Abin da ya fito bai biya kuɗin itacen ba. Kafin damina ta zagayo an sallame mu, aka bar tulin dutse a fili ciyawa ta rufe shi.

Bayan nan na je Katako neman azara. A tsohuwar rumfarsa na tarar da Alhaji, da ma'auni a hannu, yana auna wa sabon mai rumfar katako ana biyansa a wuni. Ya rame. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Muka gaisa, bai zagi kowa ba. Sai da zan tafi ya riƙo hannuna ya rage murya.

"Helma, tsakaninka da Allah, zinarin yana nan a cikin dutsen?"

Na ce, "Yana nan, Alhaji."

Ya ce, "To." Ya koma ya ɗauki ma'auninsa. Da ƙarya aka yi masa, da ya sami wanda zai tsine wa ya huta.

Abin da na koya ke nan, kuma da ɗaci na koye shi. A aikinmu ba jahilci ya fi kashe mutane ba, gwaninta ce a kan abin da ba shi ne a gabanka ba. In aka kawo muku dutse aka ce akwai arziki a ciki, kada ku yi murna. Ku fara tambayar da me za a fitar da shi, tun kafin wani bawan Allah ya sayar da rumfarsa.